Shin damuwa tana iya murɗa cikin mutum, ko kuwa akwai cutar da ba a gano mini ba?

Manomin Fadama ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. 'Yan'uwa, ina neman shawararku a kan wata larura da na kwashe fiye da shekara biyu ina fama da ita, kuma na zaɓi in rubuto ta nan ne saboda akwai maganar da nake jin nauyin furtawa a gaban mutanen garinmu. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Auyo ta jihar Jigawa, shekaruna 36, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, ina noman shinkafa da damina, da rani kuma in shuka alkama da albasa a fadama.

Abin ya samo asali ne daga daminar 2022, shekarar da ambaliya ta shanye gonakin jama'a a ƙasar Haɗeja. Na karɓi taki da iri da maganin feshi bashi a hannun wani ɗan kasuwa, bisa alkawarin zan biya shi da shinkafa idan kaka ta yi, sai ruwa ya kwanta a gonar makonni, ko kwano ɗaya ban ɗauka ba. Na yi niyyar in fanshe da noman rani, amma da kuɗin fetur ya tashi a 2023 sai injin ban ruwa ya koma cinye ribar tun kafin girbi, har yau rabin bashin kaɗai na iya biya.

Tun daga wancan lokaci, kusan kullum nakan farka kafin kiran assalatu da wata irin murɗawa a saman cibiya, daidai ƙahon zuciya, kamar an ɗaure wani abu da igiya ana ja a hankali. Ba zafi ba ne irin na yanka, ba kuma ƙuna ba ce irin ta ƙwannafi. Wani nauyi ne haɗe da kaɗawa, irin wanda mutum kan ji idan aka aiko masa da mummunan labari, sai dai ni nawa ba ya jiran labari ya zo. Bakina ya bushe, zuciyata ta riƙa tashi, in zaga bayi sau biyu ko uku kafin hantsi, kuma ko kunu aka kawo mini sai in ji maƙogwarona ya ƙi. Idan na shiga gona na kama aiki abin yakan lafa, da azahar ma har in ci tuwo sosai. Amma da zarar wayata ta yi ƙara na ga lambar mai bashin, ko na hango wani a kan babur mai kama da shi, nan take cikina ya kaɗa, gumi ya karyo mini.

Na je kemis aka ce olsa ce, na sha omefrazol da farin maganin nan na ruwa wata da watanni. Na je ɗakin gwaji aka ce taifot ce da maleriya, aka yi mini ƙarin ruwa leda uku da allurai. Mahaifiyata, Allah Ya ƙara mata lafiya, ta tsaya a kan cewa sammu aka ba ni a abinci, ta karɓo rubutu da hayaƙi, ni kuma da kaina nakan jiƙa kanwa in sha idan abin ya matsa. Daga ƙarshe na sayar da akuya na tafi babban asibiti, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki, likita ya duba takardun ya ce bai ga komai ba, tunani ne ya yi mini yawa, in rage damuwa. Wallahi na fito raina a ɓace, domin na ji kamar cewa ya yi ƙarya nake, alhali ni na san abin da nake ji a jikina.

Abin da nake so in sani shi ne, shin da gaske damuwa tana iya sa cikin mutum ciwo haka, ko kuwa akwai cutar da na'urarsu ba ta hango ba? Idan kuma damuwar ce, shin wannan ne mafarin taɓin hankali? Wannan tambayar ta biyu ita ce ban iya yi wa kowa ba, ko matata.

Ma'aikacin Lafiya daga Garun Malam ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba ka lafiya, Ya yaye maka wannan bashi. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a karkarar Garun Malam ta jihar Kano, ba likita ba ne, amma na daɗe ina zama da masu kawo irin wannan kuka, kuma zan fara da abin da ya fi ɓata maka rai. Ciwon da kake ji gaskiya ne, ba ƙirƙira ba ce. Kuskuren da mu ma'aikata muke yawan yi shi ne mu ce wa mara lafiya tunani ne mu tsaya nan, ba tare da mun nuna masa ta wace hanya tunani yake gangarowa ciki ba, sai ya tafi yana ganin an raina masa hankali.

A jikin bangon tumbi da hanji akwai ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100, su ne ke tafiyar da motsin hanji da narkar da abinci ba tare da mutum ya sani ba. Tsakaninsu da ƙwaƙwalwa akwai wata doguwar jijiya da likitoci ke kira bagus, ita ce ta 10 cikin jijiyoyi 12 da suka fito kai tsaye daga kai. Ta gangaro ta wuya, ta ratsa ƙirji, ta bazu a ciki, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na zarenta saƙo yake ɗauka daga ƙasa zuwa sama. Ma'ana, kai da ciki ba sa daina zance dare da rana. Idan mutum ya ci karo da maciji a kunyar gona, ƙwaƙwalwa takan aika wa wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a kan ƙoda, su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take a janye jini daga ciki a tura shi ƙafafu da hannuwa domin gudu, yawu ya ƙafe, tumbi ya tsayar da aikinsa, babban hanji kuwa ya ƙara sauri. Ka ga bushewar baki, da tashin zuciya, da ƙin abinci, da zaga bayi, duk sun fito daga tushe guda. Jiki bai san bambancin maciji da lambar mai bin bashi ba. Bambancin kawai shi ne maciji yakan wuce cikin minti biyu jiki ya koma daidai, bashinka kuwa shekara biyu ke nan yana kwana da kai yana tashi da kai.

Batun asuba ma yana da dalili. Akwai wani sinadarin da ake kira kotizol, wanda yawansa a jini yakan hau daf da wayewar gari domin ya shirya mutum tashi, kuma a daidai lokacin ne babban hanji ya fi motsi, ga ciki babu komai, ga shiru, babu aikin da zai ɗauke hankali. Shi ya sa masu fargaba da yawa asuba ce ta fi yi musu tsanani. Idan abin ya daɗe kuma, jijiyoyin cikin sukan ƙara kaifi, har motsin da lafiyayye ba zai ji ba kai ka ji shi kamar murɗawa, sai ka shiga tsoron ko muguwar cuta ce, tsoron kuma ya ƙara murɗa cikin.

Duk da haka ba zan ce ka rufe maganar asibiti ba. Hoton ciki irin wanda ake shafa mai a goga na'ura ba ya nuna gyambon ciki yadda ya kamata. Hanta da ƙoda da matsarmama ya fi gani. Yawancin gyambon ciki abu biyu ke kawo shi: wata ƙwayar cuta mai suna Helikobakta, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a farkon shekarun 1980 har aka ba su kyautar Nobel a 2005, da kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen da asfirin. Wannan ƙwaya ta yi yawa ƙwarai a ƙasarmu, ana gano ta a gwajin bayan gida, kuma omefrazol shi kaɗai ba ya kashe ta. Sai an haɗa shi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta na kimanin mako biyu. Ka nemi a yi maka wannan gwaji, amma ka dakatar da omefrazol mako biyu kafin ranar, idan ba haka ba sakamakon yana iya ɓoye ta. Ka kuma roƙi a duba yawan jininka da aikin ƙullutun gaban wuya, wanda idan ya kumbura muke kira maƙoƙo, domin idan ya yi aiki fiye da ƙima yakan kawo faɗuwar gaba da gumi da zawo da rama. Gwajin taifot na Widal kuwa, wanda ake yi sau ɗaya a yanke hukunci, yana yawan nuna cuta ga wanda ba shi da ita, don haka kada ka sake yarda da ƙarin ruwa a kansa idan babu zazzaɓi. Kanwa ma ka bar ta. Takan kwantar da ƙuna na ɗan lokaci, amma gishirin da ke cikinta ba alheri ba ne ga mai shan ta kullum.

Game da tambayarka ta biyu, a'a, wannan ba mafarin hauka ba ne. Larurar fargaba daban take da cutar da ke sa mutum jin muryoyi ko fita hayyacinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ita a duniya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani, alhali tana jin magani. Akwai zaman tattaunawa da ƙwararre, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke tayar masa da ciki da yadda zai tunkare shi, akwai kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu. Abin da nake gargaɗinka a kai shi ne diyazefam da taramadol na kemis, domin sukan kwantar da mutum yau, gobe jiki ya saba ya kasa rabuwa da su. A jiharku akwai asibitin larurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, a Kano akwai na Dawanau da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sunan wurin kada ya firgita ka, domin da yawan masu bin layi a can mutane ne irinka, da suka baro gona ko kasuwa suka zo da ƙafarsu. Idan kuma wata rana tunanin cewa gara mutuwa ya fara zuwa maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka faɗa wa wanda ka amince da shi a ranar, ku tafi asibiti.

Ɗan Gujungu ya amsa:

Malam, Allah Ya sawwaƙe. Na karanta bayanin ma'aikacin lafiya kuma ban musa masa ba, amma ina so in ƙara nauyi a ɓangare guda, domin mu a gidanmu kalmar "tunani ne" ta kusa ja mana rashi. Yayana dako yake yi a kasuwar Gujungu, kuma saboda ciwon baya kusan kullum sai ya sha dikulofenak biyu kafin ya karya. Da cikinsa ya fara ciwo, a daidai lokacin yana cikin rigimar gado, kowa ya ce damuwa ce, shi ma ya yarda. Wata ranar kasuwa yana tsakiyar lodi ya yi aman jini ya faɗi, da aka kai shi asibiti sai da aka ƙara masa jini leda biyu, aka zura masa na'urar hangen ciki ta baki aka ga gyambo yana zubar da jini. Daga baya ne ya gaya mana ya kwana biyu yana ganin bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta, ya ɗauka abinci ne.

Don haka ina roƙonka ka duba kanka da idon basira. Idan ka ga baƙin bayan gida, ko jini a amai, ko kana ramewa ba tare da dalili ba, ko abinci yana tsaya maka a ƙirji, ko ciwon ya koma ƙirji yana harbawa hannun hagu ko muƙamuƙi, to wannan ba ranar jiran shawara ba ce, ranar neman mota ce. Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma yadda kake cin tuwo da rana ya kwantar mini da hankali. Amma mutum yana iya ɗaukar damuwa da gyambo a ciki guda, samun ɗaya ba ya kore ɗayan.

Maman Khalifa daga ƙasar Bichi ta amsa:

Ɗan'uwa, sannu, Allah Ya kawo sauƙi. Da nake karanta yadda ka kwatanta igiyar da ake ja a ƙahon zuciya sai da hawaye ya zubo mini, domin na shekara ɗaya da rabi da wannan igiya. Ni nawa ya fara ne bayan rasuwar ɗana na biyu, wanda zazzaɓi ya ɗauke cikin kwana uku yana da wata 11. Daga nan duk yaron da jikinsa ya yi ɗumi a gidan, ko da na maƙwabta ne na ji yana kuka da dare, sai cikina ya juya, ƙafafuna su yi sanyi, in kasa haɗiyar ko ruwa. An ce mini iska ce, an ce tsutsar ciki ce, an ce basir ne, na sha sassaƙe iri-iri har bakina ya daina jin ɗaci. Wata ungozoma ce a asibitin garinmu, da na je awon cikin da ya biyo baya, ta zaunar da ni ta tambaye ni wane lokaci abin yake tashi, kuma me nake tunawa kafin ya tashi. Tun da na fara ciwon babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya, kowa inda yake ciwo yake tambaya.

Ita ce ta koya mini numfashin da har yau nake yi. Idan na ji abin ya taso, sai in zauna in ɗora tafin hannu a kan cibiya, in ja iska ta hanci a hankali har in ji cikin ya ɗago hannun, sannan in sake ta ta baki sannu sannu, fitar ta fi shigar tsawo, in maimaita na kimanin minti biyar. Ta ce doguwar fitar numfashi tana rage gudun zuciya, ni ma na gani a jikina. Ba ya cire abin gaba ɗaya, amma yakan sassauta igiyar har in iya tashi in ɗora tukunya. Ta kuma hana ni shayi mai kaurin ganye da goro bayan la'asar, ni da nake cin goro don in danne tashin zuciya, ashe sinadarin da ke cikinsa ƙara bugun zuciya yake yi yana hana barci. Ta ce kada in bar cikina wayam da safe ko da ba na sha'awa, in kurɓi kunu mai ɗumi ko da ludayi uku ne. Bayan na haihu ta tura ni wurin likita, ya ɗora ni a kan magani na watanni. Makonni uku na farko ban ga komai ba har na so in daina, daga baya ne na lura na kwana huɗu a jere ban farka da murɗawar ba.

Akwai abu ɗaya da nake so in faɗa maka a matsayina na mace, ka yi haƙuri idan na shiga hurumin da ba nawa ba. Ka ce ko matarka ba ka faɗa wa ba. Matar da kuke kwana ɗaki ɗaya ta san kana tashi kafin assalatu, ta san kunun da ta dama yana dawowa, kuma idan ba ka gaya mata dalili ba za ta nemo wa kanta dalili, wataƙila ta ɗauka ita ce ta yi maka laifi, ko wata cuta kake ɓoye mata. Ni ranar da na buɗe baki na gaya wa maigidana cewa tsoron rasa sauran yaran ne ke cina, a ranar na fara cin abincin dare har na ƙoshi.

Malamin Islamiyya daga Birnin Kudu ya amsa:

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka lafiya mai amfani. Ni ba ni da ilimin asibiti, shekaruna sun haura 60 kuma allo da alli na sani, amma bayanin ma'aikacin lafiya bai zo mini baƙo ba, domin harshenmu ya riga ya faɗe shi. Bahaushe a ciki ya ajiye murna da ɓacin rai, shi ya sa muke cewa farin ciki da baƙin ciki. Idan mutum ya tsorata mukan ce cikinsa ya ɗuri ruwa, ko hantarsa ta kaɗa. Kakanninmu ba su ga jijiyar da aka ambata ba, amma sun ji aikinta a jikinsu har suka sa mata suna.

Na fi damuwa da wata magana da ake yawan jefa wa irinku, cewa mai imani ba ya damuwa. Wannan ba daidai ba ne. A cikin Suratu Yusuf, aya ta 84, Allah Ya ba mu labarin Annabi Yaƙuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, cewa idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, alhali yana ta dannewa. Idan baƙin ciki ya taɓa idon annabi, don me za a zargi manomi don ya taɓa cikinsa? Kuma Anas ɗan Malik ya ruwaito, kamar yadda ya zo a Bukhari, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da rowa da ragwanci, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Ka lura yadda damuwa ta buɗe addu'ar, bashi kuma ya zo daf da ƙarshenta. Ka riƙe ta safe da yamma, ka kuma je asibitin, domin neman magani ba ya warware tawakkali.

Batun sammu kuwa, ka bi mahaifiyarka da ladabi, domin ƙauna ce ta sa ta neman dalili, kuma addu'a da karatun Alƙur'ani alheri ne a kowane hali. Amma ka roƙe ta kada a ambaci sunan kowa. Na ga gidajen da zumunci ya tsinke har jikoki a kan ciwon ciki, an ɗora wa kishiya ko matar wa abin da ba wanda ya gani, alhali Allah Ya ce a Suratul Hujurati mu nisanci yawan zato. Kai da bakinka ka faɗi shekarar da ciwon ya fara da abin da ke tayar da shi, wannan ya isa hujja.

Sai maganar bashin, wanda a ganina shi ne kan ƙurjin. Mukan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, muna yabon mai riƙe sirri, amma zurfin ciki a kan bashi ba ya rage ko kwabo. Gudun wayar mutumin nan shi ke ƙara masa girma a zuciyarka. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 280, idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa zuwa lokacin sauƙi, a aya ta 282 kuma Ya yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu. Ka ɗauki kawunka ko limamin garinku, ku je ku same shi ido da ido, ka faɗi abin da za ka iya bayarwa bayan girbin alkama da abin da za ka bayar da kaka, a rubuta, kowa ya sa hannu. Ambaliyar 2022 ba a ɓoye ta zo ba, shi ma ya gan ta.

Manomin Fadama ya sake rubutawa:

Assalamu alaikum. Na gode muku baki ɗaya, Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan yaronki Maman Khalifa, Ya ƙara wa yayanka lafiya Ɗan Gujungu. Na yi jinkirin dawowa ne don ina so in zo da labari a hannu. Baba Malam, na bi shawararka. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci, ni da kawuna da liman muka je gidan mutumin. A hanya sai da na sa aka tsayar da babur sau biyu saboda cikina, kuma da muka zauna na kasa fara magana, kawu ne ya buɗe. Mutumin bai yafe ko buhu ɗaya ba, ya kuma faɗi maganganu masu zafi a kan ƙin ɗaga wayarsa da nake yi, wanda na san yana da gaskiya, amma ya yarda a raba biyan gida uku, liman ya rubuta muka sa hannu. A daren na yi barci har sai da ladan ya tashe ni. Kwana biyu bayan nan murɗawar ta dawo, sai dai ba da ƙarfin da ba, kuma numfashin nan yana taimaka mini kafin in fita masallaci.

Na gaya wa matata. Ta ce ta daɗe tana jin fitata da asuba, tana kwance tana kuka a ɓoye, domin ta ɗauka ciwon daji ne nake ɓoye mata. Ban ga baƙin bayan gida ko jini ba, na bar kanwa da goron dare, na kuma dakatar da omefrazol yau kwana tara, mako mai zuwa zan je gwajin ƙwayar cutar. Na yanke shawarar zuwa Kazaure bayan na karɓi sakamako. Malam ma'aikacin lafiya, me ya kamata in riƙe idan zan tafi, kuma dole ne sai da ɗan rakiya?

Ma'aikacin Lafiya daga Garun Malam ya sake amsawa:

Alhamdu lillahi, Malam, na ji daɗin wannan labari, kuma dawowar murɗawar kada ta karya maka gwiwa, domin jijiyoyin da suka shekara biyu a tsaye ba sa kwanciya cikin mako guda. Ka tafi da duk takardun gwajin da aka taɓa yi maka, da kwalayen magungunan da ka sha, har da na gargajiya ka faɗi sunansu. Daga yau kuma ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta lokacin da abin ya tashi, da abin da kake tunani kafin ya tashi, da abin da ka ci, da tsawon lokacin da ya ɗauka, domin wannan zai taimaki likita ƙwarai. Kana iya zuwa kai kaɗai, amma ya fi kyau ka tafi da mai ɗakinka idan akwai mai riƙe yaran, saboda ta ga abubuwan da kai ba ka lura da su ba, kuma za ta ji bayanin likita da kunnenta. Ku yi sammako, Auyo zuwa Kazaure tafiya ce mai nisa, kuma ka kurɓi kunu kafin ku hau mota.